Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Da Ke Cinye Ƙarfi Ya Bar Ji

A wannan wata zancenmu a kan ciwon jijiyoyin motsi ne, wanda wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana a 1869. Yakan soma da raunin hannu ko ƙafa, nama yana ɓari yana ramewa. Daga baya magana da haɗiya da numfashi su yi wuya.

Ba jijiyar jini nake nufi ba, masu kai saƙo nake nufi, su kuwa iri biyu ne. Waɗansu suna kai wa nama umurni daga ƙwaƙwalwa, ya motsa. Waɗansu suna komo da labarin zafi da sanyi da taɓawa.

A babban asibiti likita yakan sa lantarki kaɗan a kan jijiya, ya auna saurin saƙon da ƙarfinsa. A hannun mai lafiya saƙo yana gudun mita 50 ko fi a sakan ɗaya. Ga mai wannan ciwo kuwa, saurin bai cika raguwa ƙwarai ba, ƙarfin ne ke faɗuwa. Kamar sarki ne ya aiki manzanni ɗari, ashirin kaɗai suka rage. Suna gudu kamar dā, amma muryarsu ba ta cika gari ba. Jijiyoyin ji kuwa galibi akan tarar da su lafiya lau.

To, ga abu biyu. Na fari, kada a ce sammu ne a zauna gida. Idan awon ya nuna saƙo yana tsayawa a wani wuri a tsakiyar jijiya, mai yiwuwa wani ciwo ne dabam mai kama da wannan, wanda ake yi wa magani. In kuwa shi ne, har yanzu ba a sami mai warkar da shi ba, ko da yake maganin riluzole, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, yakan ƙara 'yan watanni. Yawanci akan yi shekara 2 zuwa 5, amma masani Stephen Hawking na Ingila ya rayu da shi daga 1963 har 2018.

Na biyu, majinyacin yana jin kome. Ƙuda ya sauka masa a fuska, yana ji, ba shi da ikon kora. Da yawansu hankalinsu garau ne ko bayan baki ya mutu. Saboda haka kada mu yi zancensa a gabansa sai ka ce ba ya nan. A riƙa juya shi a shimfiɗa, a zaunar da shi kafin a ba shi abinci mai laushi. Ba a ɗaukar ciwon nan wurin mutum. Zumuntar mata da dattawan ikilisiya, ku je ku riƙe hannunsa ku yi addu'a tare, gama hannun nan yana jin naku.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.