Kewar Gida Ba Ta Kai A Naɗe Tabarma Ba

Jama'a, akwai wata cuta da ke kama ɗan makaranta wadda likita ba shi da maganinta, watau kewar gida. Dukanmu da muka baro garuruwanmu muka zo Katsina neman ilmi mun ɗanɗana ta. Da rana ba a ganinta, sai almuru ta yi, an idar da aikin yini, sa'an nan ka ga yaro ya koma gefe ya yi tagumi, tuwon ma ya ƙi wucewa. Bara wani daga cikinmu, mai ƙoƙari ƙwarai, ya tafi hutu bai komo ba, ba kuwa don rashin lafiya ko rashin kuɗi ba. Ga shi kuma waɗansunmu suna shirin ƙetarawa Masar ko Ingila, inda nisan ya ninka wannan. Sabo da haka muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu.

Da fari dai, kewa ba abin kunya ba ce, alama ce ta ɗan da ya san darajar iyaye. Abin kunya shi ne mutum ya bari ta raba shi da abin da ya fito nema.

Mu dubi magabatanmu na garin nan. Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka yi ta kawo yara daga lardunan Arewa. A 1926 Ahmadu Bello ya taso daga Sakkwato a ƙasa, tafiyar kimanin mako guda, ya zauna har 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauchi a 1928, bayan ya gama ya yi shekaru yana koyarwa, a 1945 kuma ya ƙetara London ƙarin karatu. Malam Aminu Kano ya bi sawu a 1946. Tun kafin su duka, Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, ya bar ƙasar nan ya tafi gabas, har ya rasu a Alƙahira a 1741. Waɗannan duk suna da uwaye da ƙanne kamar mu, ba su kuwa da wayar da za su ji muryarsu. Da ko wannensu ya naɗe tabarmarsa ran da ya tuna gida, da wa zai san sunansa yau?

To, mene ne magani? Mu dai a ganinmu, kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya ƙi zama inda ya ke. Jikinsa yana nan, zuciyarsa tana can. Ba ya zama sai da 'yan garinsu, ba ya zance sai na gida, dare ya yi kuma ya raba shi yana waya. Wannan kamar mai susar ƙaiƙayi ne, daɗi yanzu, gyambo gobe. Mutanen da, da ya ke wasiƙa kan daɗe a hanya, tilas ta sa suka juya ga na kusa da su. A ɗakin karatu da filin wasa Basakkwace ya san Babarbare, Banufe ya san Bakano, abutar nan kuwa ita ce daga baya ta taimake su riƙon Jihar Arewa.

Wani zai ce, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gaskiya ne, ba mu ce a yanke zumunci ba. A sa wa gida ranarsa, ko Jumma'a ko Lahadi, a gai da iyaye a natse, a ba su labari mai kwantar da rai. Sauran kwanakin kuwa na karatu ne da na garin da ka ke ciki. Ka shiga kasuwa, ka je ka ga Gobarau, ka koyi gaisuwar mutane, ka ci abincinsu ba tare da kushe ba. Wanda ya iya baƙunci a Katsina, ba zai sha wuya a London ba.

Ku kuma na manyan azuzuwa, da malamanmu, nauyi yana wuyanku. In kun ga sabon yaro ya yi shiru, kada ku yi masa dariya, ku ja shi a jika. Zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. Da an yi wa abokinmu na bara haka, watakila da yanzu yana tare da mu.

Allah ya ba mu abin da muka fito nema, ya mai da mu gida lafiya. Amin.