An Ajiye Bindiga, Amma Ƙasa Ba Ta Huta Ba

Idan malamin tarihi ya tambayi ɗalibi yaushe Amurka ta fita daga yaƙin Biyetnam, amsar da zai samu ita ce 1973, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a birnin Faris. A matsayina na malamin ilmin halittu, ina ganin amsar nan ba ta cika ba. Sojoji sun koma gida, amma yaƙin ya ci gaba a cikin ƙasa da ruwa da jinin mutane.

Daga 1962 zuwa 1971, jiragen saman Amurka sun fesa lita fiye da miliyan 70 na magungunan kashe tsirrai a kan Biyetnam ta Kudu. Manufar ita ce a kakkaɓe ganyen dazuzzuka don kada mayaƙa su sami maɓoya, a kuma lalata amfanin gonar da suke ci. Mafi yawan abin da aka fesa shi ne Agent Orange, wanda ya sami sunansa daga zoben fenti mai ruwan lemo da ake zana wa gangunansa. Haɗi ne na sinadarai biyu, 2,4-D da 2,4,5-T. Wajen sarrafa na biyun ne wata muguwar guba mai suna dayoksin ke samuwa.

Ɗalibai, ku lura da halin wannan guba, domin a nan darasin yake. Dayoksin ba ta narkewa a ruwa, kitse take bi. Takan lafe cikin laka a gindin tafki, ƙananan halittu su ci, kifi ya cinye su, agwagwa da mutum su ci kifin. A kowane mataki yawanta ƙaruwa yake yi. Idan ta shiga jikin mutum, sai an yi shekara 7 ko fiye kafin rabinta ya fita, kuma uwa na iya miƙa ta ga jariri ta hanyar nono. Haka nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na dazuzzukan bakin teku, inda kifi ke hayayyafa, sun mutu. A tsaunuka kuwa, wata ciyawa mai taurin kai ta maye gurbin manyan itatuwa, har mutanen wurin suka laƙaba mata suna ciyawar Amurka.

To, yaya sulhun ya kasance? A 1984 kamfanonin da suka yi maganin sun amince su biya tsofaffin sojoji dala miliyan 180. A 1991 Amurka ta kafa dokar kula da sojojinta da gubar ta shafa. Amma ba ta maido da hulɗar jakadanci da Biyetnam ba sai 1995, kuma aikin tsarkake filin jirgin sama na Da Nang bai fara ba sai 2012. Sai da aka gasa ƙasar wurin da zafin digiri 335 kafin gubar ta wargaje, aka kammala a 2018. Na Bien Hoa, wanda ya fi shi girma, a 2019 aka soma shi. Ɓarnar shekara 9 ta ci fiye da rabin ƙarni ana gyara.

Wani zai ce laifin na 'yan siyasa ne da janar-janar, masani ba ruwansa. Ban yarda ba. Arthur Galston, masanin tsirrai ɗan Amurka, ya yi bincikensa na digirin dakta ne kan yadda za a sa waken suya ya yi fure da wuri. Ya lura cewa idan maganin ya yi yawa, ganye zubewa yake yi, kuma sojoji sun amfana da wannan sani. Da ya ga abin da ya faru, bai naɗe hannu ba. Ya yi ta fafutuka a daina feshin. A 1967 masana fiye da 5,000 sun aika wa Shugaba Johnson takardar koke. Bayan gwaji ya nuna 2,4,5-T na haifar da nakasa ga 'ya'yan ɓeraye, aka dakatar da Agent Orange a 1970.

Ra'ayina shi ne, kowace yarjejeniyar sulhu ta ƙunshi gyaran ƙasa da ruwa, kuma wanda ya ɓata shi zai biya, ba tare da jiran shekara 40 ba. Gyara mai yiwuwa ne: dajin Can Gio da aka fara sake dasawa a 1978 ya farfaɗo, har UNESCO ta amince da shi a 2000.

Mu ma abin ya shafe mu. Manomanmu na fesa 2,4-D a gonakin shinkafa da masara. Ba shi ne tushen waccan guba ba, amma sau nawa muke ganin ana feshi babu safar hannu, ana wanke famfon feshi a rafin da ake sha? Malamai, idan kun zo darasin sarƙar abinci, ku ba ɗalibai labarin Biyetnam, sannan ku fita da su bakin rafin garinku su duba da idonsu. Rigakafi ya fi magani.