Maganin Tamowa Yana Farawa Tun Da Kaka

'Yan'uwa, yara masu tamowa sun fi cika asibiti daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. Abincin gyaɗa na leda da muke ba su yana tashe su. Amma in babu tuwo a gida, sai su dawo mana.

Ciwon yana farawa tun da kaka. Manomi ya sayar da gero da wake da araha don ya biya bashi da kuɗin makaranta. Da damina kuma ya sayi hatsin nan da tsada.

A Nijar akwai ƙungiyoyin manoma da suka samo dabara. Suna tara buhunansu a sito guda mai kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗayan yana hannun asusun ba da rance. Asusun ya ba kowa rance gwargwadon hatsinsa, ya yi kiwo ko noman rani. Bayan wata 5 ko 6 ya biya, ya ɗauki buhunsa lokacin da gida ya fi bukata.

Ba kowace shekara farashi ke hawa ba, rancen kuma yana da ruwa. Duk da haka, a ganina wannan ya fi zaman jiran taimako.

Kafin girbi, ku taru ku yi shawara. Ku sa mata cikinta, domin su suka san abin da tukunya ke ci. Ku zaɓi mai amana ya riƙe littafi. Hatsi kuwa ya bushe sarai kafin a kulle sito.