A tare cutar noma tun daga Illela, kafin ta kai yaro Sakkwato

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in ja hankalin hukumomin Ƙaramar Hukumar Illela da na Jihar Sakkwato kan cutar noma, wadda jama'a ke kira ciwon iska. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kumatu ta cinye leɓe, har ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma idan ba a yi magani ba, tara cikin goma na iya mutuwa. A Disamba 2023 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Jiharmu na da asibitin yara masu wannan cuta a birnin Sakkwato tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga taimaka masa a 2014. Aikinsu abin yabo ne, amma tiyata gyaran ɓarna ce bayan ta auku. Yaron da noma ke kamawa shi ne wanda tamowa ta riga ta raunana, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka bi ta kansa, ga ƙarancin ruwa mai tsabta a gida. Idan aka gano ta tun dasashi na jini, ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Don haka ina ganin ya dace a ware wani kaso na kuɗin shigar kasuwar Illela, mai ci ranar Lahadi, a gyara rijiyoyin burtsatse, a kai rigakafin ƙyanda ƙauyuka, a kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi da wanzamai buɗe bakin yaro su duba.

Wasu za su ce tsabtar yaro da cinsa nauyin iyaye ne. Haka ne, amma uwar da ke sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, wa'azi kaɗai ba zai ƙara mata ko moɗa ɗaya ba. Wasu kuma za su ce ko an gyara Illela, yaran Birnin Ƙonni da ke ƙetaren iyaka a Nijar za su cika mana asibiti, ga shi dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami tun juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Ai wannan dalili ne na haɗa kai. An rufe iyakar nan a 2019, aka sake rufe ta a 2023, amma auratayya da zumunci ba su tsaya ba, ƙyanda ma ba ta tsaya ba. Da rigakafin haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe maƙwabta aka ci galabar shan inna, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin cutar a Agusta 2020.

Majalisar jiha ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2021. Bisa wannan doka, ina kira ga shugaban ƙaramar hukuma da hakimai da limamai su zauna da takwarorinsu na Ƙonni, su tsayar da ranakun rigakafi iri ɗaya, su kuma bayyana wa jama'a nawa kasuwa ke tarawa da nawa ke komawa kan yara.

Naka,
Mai karatu daga Illela, Jihar Sakkwato