Bikin littafi a ƙasar Adar: marubuta suna nan, mai saye ake nema

A ƙarshen watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 17 ga watan, Nijar ta sanar da ficewarta daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. An sha muhawara a kan matakan biyu a gidajen rediyo da fadar matasa, wasu na murna, wasu na ƙorafin an fifita harshe guda a kan sauran. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: yaron da ya koyi karatu da Hausa a lakol ɗin Tawa ko Kaita, me zai karanta idan ya rufe littafin aji? Wa zai rubuta masa, wa zai buga, kuma a ina zai saya?

A ƙetaren iyaka, ɗaya daga cikin amsoshin da marubuta suka samo ita ce bikin littafi. A 2017 aka fara KABAFEST a Kaduna, ƙarƙashin jagorancin marubuciya Lola Shoneyin da tallafin gwamnatin jihar. Ya tara manyan sunaye irin su Leila Aboulela ta Sudan, da Zaynab Alkali, da Abubakar Adam Ibrahim wanda ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016. Sai dai kusan duk zaman da Ingilishi ake yin sa. A watan Oktoba na 2021 kuma ƙungiyar Open Arts ta Sada Malumfashi ta buɗe HIBAF a Kaduna, bikin littafi da fasaha da ya sa Hausa a gaba. Wannan na biyun shi ya fi kusa da abin da gari irin Tawa zai iya ɗauka, domin ya nuna ana iya tara marubuci da mawaƙi da malamin jami'a da ɗan fim a zaure guda, a yi muhawara mai zafi a kan littafi, ba tare da an nemi tafinta ba.

Su wane ne marubutan?

Duk wanda zai shirya irin wannan taro dole ya san cewa marubutan Hausa ba ƴan ɗaki ɗaya ba ne. Akwai dattawan da suka buɗe hanya: Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980; Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda wani kamfani a Indiya ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 2012; da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In da So da Ƙauna. Su ne ginshiƙan abin da malaman jami'a suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, da farko cikin raini. Marubucin wancan zamani shi ne mai buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, shi ne mai ɗaukar kaya zuwa wurin ƴan sari, shi ne kuma mai bin bashi. Littattafan sun riƙa bin hanyar Sakkwato da Illela su shigo Birnin Ƙwanni, ko ta Jibiya su shiga Maraɗi, har su kai ɗakunan matan aure a Tawa, inda kwafi guda kan zaga gida biyar kafin bangonsa ya cire.

Wannan kasuwa ta ja baya ƙwarai. Takarda ta yi tsada, naira ta faɗi, wayar hannu kuma ta shigo. Marubutan yau, waɗanda mafi yawansu mata ne, a waya suke rubutu, su saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, sannan mai son ƙarshen labari ya biya a sa shi a rukuni. Masu karatu daga Nijar kan biya da sefa ta hannun wakilai, masu na Najeriya ta banki. Tsarin yana ciyar da wasu, amma yana da rami: mutum guda ya biya, ya tura wa mutum ɗari, wani kuma ya karanta labarin da murya ya ɗora a YouTube ya ci riba ba da sanin mai shi ba. Ko dandalin da aka ɗauka ya kafu ba shi da tabbas, domin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023.

Cewa Nijar na da nata a cikin wannan sahu ba sai an yi gardama ba. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya a gasar Hikayata ta BBC Hausa da labarinta Garar Biki, a gasar da tun fara ta a 2016 ƴan Najeriya ke lashewa. Abin dubawa shi ne, a Abuja aka karrama ta, wata kafa ta Ingila ce kuma ta gano ta. Wannan kafa ma an dakatar da watsa shirye-shiryenta a Nijar a Disamba na 2024, bayan RFI da France 24 da aka rufe tun Agusta na 2023. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, lissafin bai canza ba: ƙofofin waje da marubucin Nijar ke bi ya yi suna suna ƙara ƙunci, don haka sai an buɗe na gida.

Abin da Tawa ke da shi

Tawa ba baƙuwar taro ba ce. A nan aka yi gasar kokowar ƙasa ta farko a 1975. Gasar kiɗa mafi suna a ƙasar tana ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar. Gidan matasa da al'adu na birnin sunan Albarka Cibau gare shi, gwanin tatsuniya da labari. Moustapha Alassane, uban fim ɗin zane a Nijar, a Tawa ya yi zamansa na shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, sunansa ne kuma aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai a 2024. A lura da jerin: kokowa, kiɗa, tatsuniya, fim. Duk abin ido ne da kunne. Garin ya iya tara jama'a, amma ba littafi ne ya saba tara su ba.

Ba wai rubutu baƙo ne a wannan ƙasa ba. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, malaminsa Jibrilu ɗan Umaru kuma sunansa na haɗe da wannan yanki. A Abalak akwai zuri'o'in malamai na Kel Aglal da suka gaji karatu kaka da kakanni. Har gobe akwai masu rubuta waƙar wa'azi da wasiƙa da lissafin bashi da ajami, waɗanda ake yi wa kallon marasa ilimi don kawai ba su bi ta lakol ba. Alƙaluman Bankin Duniya na cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba. Bikin da ya kafa teburin boko kaɗai ya bar malaman zaure a waje, ya rage wa kansa masu saye tun kafin a buɗe ƙofa.

Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne, babban littafin tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda Farfesa Djibo Hamani ya rubuta, cibiyar IRSH ta buga a 1975, da Faransanci yake. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan marubucin, amma manomin Illela ko ɗan tireda na babbar kasuwa da ake ba da labarin kakanninsa a ciki ba zai iya karanta shi ba. Haka Sarraounia na Abdoulaye Mamani da Gros plan na Idé Oumarou da sauran littattafan da ake alfahari da su. Fitattun marubutan ƙasar da harshen Faransa suka yi suna, masu karatunsu kuma ba su wuce ƴan makaranta da ma'aikata ba. Inda bikin littafi zai fi amfani a Adar shi ne ya zaunar da mai rubutu da Faransanci kusa da mai rubutu da Hausa, a fito da yarjejeniyar fassara ko da ta littafi guda ce. Idan ba haka ba, za a yi taro biyu ne a rumfa ɗaya, masu kwat a gaba, masu waya a baya.

Akwai kuma zancen wace Hausar. Ba'adare cewa yake munka zo, anka yi, hwari, alhali littattafan da ya saba gani Kananci ne. Nijar na da ƙa'idar rubutunta ta 1999, wadda ke rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y. Bambancin ƙarami ne a takarda, amma marubuciyar Tawa tana fuskantar sa a kowane shafi: ta rubuta yadda kakarta ke magana ta rasa kasuwar Kano, ko ta bi Kano ta rasa gishirin gida. Yawanci Kano ake bi, saboda can kuɗin yake. Dalili ke nan da ya sa da wuya a ci karo da labarin ɗan ci-rani da ya tafi Abijan ko Libiya ya bar mata da ƴaƴa a tsaunukan Buza, da bakin mutanen wurin, duk da cewa kusan kowane gida a Adar yana da irin wannan labari.

Arewa ba Hausa kaɗai take ji ba

Daga Tabalak zuwa Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya, Tamajak da Fulatanci da Larabci ne harsunan gida, Hausa ta kasuwa ce. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma; sabon kundi ya bar guda a wannan matsayi, sauran tara ya kira su harsunan da ake magana da su. Waɗanda suka ji zafin canjin suna kallon kowane taron al'adu don su ga ko tsoronsu zai tabbata. Bikin da aka yi a babban birnin jiha, aka ce na al'umma ne, amma babu mawaƙin Tamajak ko rubutun tifinag ko marubucin Fulatanci a ciki, siyasa zai zama ko masu shi ba su nufa ba.

Kai shi arewa kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Tun 2017 Tiliya da Tasara ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ranar 21 ga Maris na 2021, ƴan bindiga sun kashe mutum 137 a Intazayan da Bakorat da wasu zango na yankin Tiliya, kamar yadda gwamnati ta sanar a lokacin. Marubuci daga Kano ko Yamai ba zai hau wannan hanya don karanta babi guda ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Abin da ke isa can lafiya lau shi ne murya: rediyon karkara da saƙon sauti a waya. Wannan ma shi zai kai labari ga matan da ba sa fita taron maza a cikin birnin kansa, alhali su ne suka riƙe kasuwar littafin Hausa shekara talatin. Lokaci ma abin lura ne, domin da an gama girbi ƙauyuka kan zube, maza su tafi ci-rani sai gab da damina.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke yanke hukunci. Buga littafi da harsunan gida a Nijar ya daɗe yana tafiya da ƙafar aro. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa sun fara tun 1973 a Damagaram, amma littattafan sun fi fitowa ne idan wani shirin agaji ya biya, kamar yadda maɗaba'ar Albasa ta taso a inuwar wani shirin ilimi na Jamus. Ɗakunan karatu na CLAC kuwa da tallafin OIF aka san su, ƙungiyar da aka fice daga cikinta. Masu ƙoƙari da kansu, irin maɗaba'ar Gashingo a Yamai, suna fama da ƙaramar kasuwa. Kawo kaya daga Kano ma ba abin dogaro ba ne kullum: an ga yadda iyakar Ƙwanni ta kasance a rufe bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024.

Idan hukuma ce za ta cike giɓin, marubuta na da dalilin yin tambaya tun da wuri. A Kano a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar ƴan mata da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista da ita. A Nijar, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a Yuni na 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, kuma a intanet ɗin ne marubutan yau ke wallafa aikinsu. Labaran da suka fi taɓa mai karatu a Adar, wato auren wuri, sakin waya daga ci-rani, sauran ɓurɓushin bauta da batun wahayya da aka sani a yankin Ƙwanni da Illela, su ne waɗanda mai ɗaukar nauyin taro zai fi so a tsallake.

Akwai tallafin da ba ya taɓa alƙalamin marubuci, shi ne saye. Tawa na da jami'a, da makarantar horon malamai ta Kaocen, da kolejoji da lise, da cibiyoyin yaƙi da jahilci a kusan kowace kwamin. Idan ma'aikatar ilimi da hukumar birni suka ware wani kaso na kasafinsu don sayen kwafi daga teburin kowane marubucin da ya zo, a zuba a ɗakunan karatun makarantun nan, mai buga littafi zai san adadin da zai buga tun kafin ya sayi takarda, marubuciyar da ke rubutu a waya kuma za ta samu dalilin mai da labarinta littafi. Ba a buƙatar sabuwar doka kafin a yi hakan. Layi guda ne a cikin kasafin kuɗin shekara.