Lomar Dodon-Koɗi da Turaful: Wanne ne Dole, Wanne ne Ado?

Yau za mu leƙa ɗakin girkin Faransawa, mu duba wani ɗan abinci da suke ji da shi ƙwarai. A al'adarsu, idan aka yi babban baƙo, kafin a kawo ainihin abinci akan fara gabatar masa da 'yan ƙananan lomomi a faranti, kowace ba ta wuce a jefa a baki sau ɗaya ba. Suna kiran irin wannan amuz-bush, watau abin faranta wa baki rai. Cikin waɗanda suka fi daraja a wurinsu akwai wadda ake yi da naman dodon-koɗi, a ɗora masa ɗan yankan wani tsiro mai tsadar gaske da ake kira turaful.

Ra'ayina a kan wannan girki shi ne, kowace mace mai natsuwa tana iya yin sa a gidanta ya fito da kyau, muddin ta san abin da yake dole a cikinsa da abin da yake ado ne kurum. Dole ita ce tsaftace dodon-koɗin da dafa shi har ya nuna, domin nan lafiyar iyali take. Turaful kuwa ado ne. Wadda Allah ya hore wa ta sa, wadda ba ta da hali kada ta taɓa kuɗin cefane saboda shi.

Na san da jin sunan dodon-koɗi wasunku har sun yatsine fuska, don yawancinmu ba mu tashi mun ga ana cin sa a gidajenmu ba. To, abincin wani gubar wani. Rumawa tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce suke kiwon sa a killace suna ci. A Faransa, yankin Burgoni ne ya yi suna da shi, inda ake gasa shi cikin ƙoƙonsa da bota da tafarnuwa da ganyen fasili, a kawo wa mutum guda 6 ko 12. Saboda yawan tsintar sa har ya fara ƙaranci a dazuzzukansu, sai a 1979 gwamnatin Faransa ta kafa doka ta hana tsintar irin na Burgoni daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni, lokacin da yake hayayyafa, ta kuma hana ɗaukar wanda faɗin ƙoƙonsa bai kai santimita 3 ba. Yawancin wanda suke ci yanzu ma daga ƙasashen gabashin Turai ake kawo musu. A nan kusa da mu kuwa, 'yan'uwanmu na kudancin Nijeriya da na Gana suna da babban dodon-koɗi wanda ya ninka na Turai girma sau da yawa. Yarbawa suna ce masa igbin, suna soya shi da barkono a wurin biki. Nama ne mai gina jiki, mai ƙara jini, kuma ba shi da kitse sosai.

Wata za ta tambaya, shin ya halatta? Malamai sun saɓa a kansa. A cikin Mudawwana an kawo cewa Imamu Malik ya ba shi hukuncin fara, watau wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi a ci, amma wanda aka tarar matacce ba a ci. Waɗansu malaman kuma, irin su Ibn Hazm, sun hana. Saboda haka kowace ta bi abin da malaminta ya karantar da ita, kuma ta shawarci maigida kafin ta shigo da shi gida. Wadda ranta bai kwanta ba, ƙundun kaza da aka dafa ya yi laushi zai tsaya mata a madadinsa. Abu guda kuma da za a kula, Faransawa sukan zuba farar giya a ruwan dahuwar, mu kuwa ruwan lemon tsami ya wadatar da mu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce tsafta ce dole. Dodon-koɗi yakan ɗauki wata 'yar tsutsa da ido ba ya gani, wadda asalinta a huhun ɓera take zama. Ɓera ya yi kashi, dodon-koɗi ya bi ta kai ya ci, tsutsar ta shige jikinsa. Idan mutum ya ci shi ɗanye ko bai gama dahuwa ba, tsutsar tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa ta haddasa wani irin sanƙarau, da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya. Babban dodon-koɗin nan namu na Afirka yana cikin waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da ita. Zafin tafasa yana kashe ta, shi ya sa gaggawa ba ta da wuri a wannan girki. Rigakafi ya fi magani.

Ga yadda za ki yi, uwargida. Ki sayi manya guda 6 masu rai daga wurin mai kiwo ko mai sayarwa da kika yarda da shi. Kada ki karɓi wanda aka tsinto a bakin kwata ko a gonar da aka yi wa feshin magani, kuma duk wanda kika taɓa bai motsa ba, ko kika ji yana wari, ki yar da shi. Ki zuba su a kwando mai murfi a wuri mai sanyi, ki bar su kwana 3 ba abinci, kina yayyafa musu ruwa kina wanke kwandon kullum, don cikinsu ya fita. Ran girki ki tafasa ruwa sosai, ki yi bisimilla ki zuba su, su yi minti 5 suna tafasa. Sa'an nan ki zaro naman da cokali mai yatsu, ki yanke kayan cikin nan masu laushi ki zubar, ki bar tsokar mai tauri kaɗai. Ki murje ta da gishiri da lemon tsami, ko da ɗan alif kamar yadda matan kudu suke yi, ki ɗauraye, ki sake, har sai yauƙin ya fita sarai. In kin yi amfani da alif ki ɗauraye da kyau don kada ya bar bauri. Daga nan ki mai da naman tukunya da sabon ruwa, da albasa, da tafarnuwa, da masoro, da ɗan gishiri, ya yi kamar minti 40 a wuta marar ƙarfi, har sai tsinin wuƙa ya shige shi ba gardama. Wuƙa da katako da kwanon da ɗanyen ya taɓa, duk a wanke su da sabulu da ruwan zafi, haka ma hannuwanki, kafin ki taɓa wani abinci. Kada ki bar yara su yi wasa da masu ran.

In kin gama wannan, to kin gama mai wuyar. Ki sami bota giram 125 ki bar ta ta yi laushi, ki daka tafarnuwa ƙwaya 3, ki yanka 'yar ƙaramar albasa guda da ganyen fasili cikin babban cokali 3 ƙanana-ƙanana, ki haɗa da gishiri da masoro ki cakuɗa. Ki yanka kowane dodon-koɗi gida 4, kin sami loma 24 ke nan. Ki sami burodi mai yanka-yanka, ki fitar da 'yan da'irori da bakin ƙaramin kofin shayi, ki jera a tire. Kowace da'ira ki ɗora mata yanka ɗaya na naman, ki ɗora rabin ƙaramin cokali na botar nan a kai, ki sa a tanderu mai zafin digiri 200 na minti 6 zuwa 8, har botar ta narke tana ƙyalli, gefen burodin ya yi ja. Wadda ba ta da tanderu ta gasa burodin a busasshen kasko, ta soya naman cikin botar a wuta kaɗan na minti 3 ko 4, ta ɗora, ta soke kowace loma da tsinke. A kai wa baƙi da zafinsa, don in botar ta daskare daɗin ya ragu.

To, mu koma kan turaful. Shi dai ɗan'uwan naman-kaza ne, wannan tsiron mai kama da laima da ke fitowa da damina, sai dai shi a ƙarƙashin ƙasa yake girma, dunƙule kamar ƙaramin dankali, manne da saiwar waɗansu itatuwan Turai, musamman wanda ake kira ok. Iri biyu ne suka fi suna. Akwai baƙi na yankin Ferigor a Faransa, wanda ake haƙa da hunturu, daga wajen Disamba zuwa Maris. Akwai kuma fari na wajen garin Alba a arewacin Italiya, wanda ake samu daga Oktoba zuwa Disamba. Da yake ido ba ya ganin sa, da hancin dabba ake neman sa. A da alade ake sakawa, amma tun 1985 dokar Italiya ta ce sai dai kare, domin alade yana ɓarnata ƙasa, ga shi kuma yakan cinye abin da ya tono. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a ta Italiyawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Larabawa ma suna da nasu na sahara da suke kira kam'a, wanda ke fitowa bayan ruwan sama, har an ambace shi a hadisi, amma ƙanshinsa bai kai na Turai ƙarfi ba.

Abin da ya sa yake da tsada ba boyayye ba ne. Wanda ya dasa itace don baƙin turaful sai ya jira shekara 5 zuwa 10 kafin ya ga na farko, farin kuwa har yanzu yawancinsa a daji ake samun sa. Lokacinsa gajere ne, kuma da an haƙo shi ƙanshinsa ya fara gudu, bayan mako guda ya ragu ƙwarai. Kilo ɗaya na farin yakan kai dubban Yuro. A 2007 wani attajirin Makawo mai suna Stanley Ho ya sayi guda ɗaya mai nauyin kilo ɗaya da rabi a kan Dala 330,000 a wurin gwanjo. Ku ji fa, 'yan'uwa, abin da ba ya cika ciki, ƙanshi kawai ake saye.

A nan ne nake so ku buɗe ido. Saboda sunan da turaful ya yi, manyan kantuna sun cika da 'yan kwalabe da aka rubuta wa man turaful. Yawancinsu man zaitun ne da aka ɗiga wa wani sinadari da ake haɗawa a masana'anta, wanda yake kwaikwayon ɗaya tak daga cikin ƙamshe-ƙamshe masu yawa da ke jikin na gaskiya. Wani sanannen kuku na Amurka, Daniel Patterson, ya tona wannan asiri a jaridar New York Times a 2007. Haka kuma akwai wani baƙin turaful na ƙasar Sin da ya yi kama da na Ferigor a ido amma ƙanshinsa kaɗan ne, kuma akan sayar wa wanda bai sani ba da shi a kan kuɗin na ainihi. Ku 'yan makaranta da kuka iya karatu, aikinku ne ku riƙa duba bayan kwalba kuna karanta wa iyayenku abin da aka haɗa a ciki. In kun ga an rubuta ƙanshi ko ɗanɗanon turaful kawai, to ku san na masana'anta ne.

Wata za ta ce, ai in babu turaful girkin bai cika ba. Amsa ita ce, su kansu mutanen Burgoni da suka fito da wannan girki ba sa sa shi, bota da tafarnuwa da fasili ne kawai nasu, kuma da haka ya zagaya duniya. Manyan otal-otal ne suka ƙara turaful don ƙawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Amma wadda ta yi tafiya ko aka kawo mata tsarabar na gaskiya, giram 10 ya ishi loma 24. In baƙi ne, ta goga rabinsa cikin botar tun daren jiya ta rufe ta sa a firiji, don maiƙo yana kama ƙanshinsa, sauran ta yanka siriri kamar takarda ta ɗora bayan an sauke. In fari ne kada ya ga wuta ko kaɗan, a kan lomar za a yanka shi a gaban baƙi. Kuma lalle ta rage tafarnuwar zuwa ƙwaya ɗaya, in ba haka ba tafarnuwa za ta danne shi, kuɗi su tafi a banza.

Wata kuma za ta ce, mene ne namu na koyon abincin Turawa alhali ga namu? Namu yana nan daram, ba abin da zai ture shi. Amma ilmi ba ya yawa. Yarinyar da ta san wannan tun tana makaranta, gobe in ta kama sana'ar girkin biki, ko ta sami aiki a otal, ko aure ya kai ta wata ƙasa, ba wanda zai ruɗe ta da suna ko da kwalba. Dabarar nan ta 'yar loma a kan gasasshen burodi kuma tana karɓar kowane nama, ko hanta, ko kifi, ko ƙwai.

Saboda haka, 'yan'uwana, wadda za ta gwada ta ba da ƙarfinta wajen wanki da dahuwa, ta sayi abin da aljihun gidanta zai ɗauka, iya kuɗinka iya shagalinka. Kada kwaɗayin a ce wance ta iya girkin Turawa ya sa a ci bashi, ko a yi gaggawar da za ta kwantar da yaro a asibiti.