Hukunci Kafin Sauraro: Masu Sharhi da Fayafayan Kiɗan Metal

Ranar 13 ga watan Fabrairu na 1970, wasu samari huɗu ƴan birnin Bamingham na ƙasar Ingila suka fito da faifansu na farko da sunan Black Sabbath. Mai kaɗa musu gita, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, abin da ya tilasta masa neman tsirkiya marar tauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinta har sautin ya yi kauri da nauyi. Daga nan ne kiɗan da ake kira metal ya samo muryarsa. Lester Bangs, ɗaya daga cikin manyan masu sharhi na mujallar Rolling Stone ta Amurka, ya yi watsi da faifan, yana ganin kwaikwayon ƙungiyar Cream ne wanda bai kai asalin ba. A 2017, bayan shekara 47, wannan mujalla ɗin dai ta jera fayafayan metal 100 mafiya daraja, ta ɗora Paranoid, faifan Black Sabbath na biyu da ya fito a 1970 ɗin, a kan gaba. Irin wannan yabo shi Bahaushe ke kira ihu bayan hari.

Black Sabbath ba ta yi hasara mai yawa ba, domin babban kamfani ne ya tsaya mata, jama'a kuma suka saye faifan ba tare da neman izinin kowa ba. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne makaɗan da ke fitowa ta hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin talla, ba shi da hanyar shiga gidajen rediyo, sau da yawa ma ba shi da mai rarraba masa kaya zuwa shaguna. Layi goma na mai sharhi a jarida su ne ƙofarsa guda zuwa ga kunnen jama'a. Idan an rufe ta da raini, ko da shiru wanda ya fi raini muni, sai faifan ya kwanta a sito, makaɗan su koma neman abin sawa a baki.

Faifan Metallica na farko, Kill 'Em All, ya fito a 1983 ta hannun Megaforce, kamfanin da Jon Zazula da matarsa Marsha, masu sayar da fayafayai a wata kasuwar jihar New Jersey, suka kafa bayan da manyan kamfanoni suka ƙi karɓar kiɗan. Masu musayar kaset ta gidan waya da ƙananan mujallun masoya su ne suka yaɗa shi, tare da mujallar Kerrang! da aka kafa a Landan a 1981. Shekara shida bayan haka, a 1989, da masu ba da kyautar Grammy suka buɗe wa wannan fanni gurbi karo na farko, sai suka tsallake Metallica suka miƙa kyautar ga Jethro Tull, tsohuwar ƙungiyar da aka fi sani da busa sarewa. Alƙalan da suka yi wannan zaɓi sun nuna wa duniya cewa ba su san abin da aka ba su su auna ba.

Lamarin ya fi tsanani ga reshen da ake kira furogiresif, wato metal mai doguwar waƙa, mai sauya ma'aunin kiɗa a tsakiyar tafiya, mai aro daga jaz da kiɗan gargajiyar Turai. Shi wannan duka biyu yake sha: na waje su ce hayaniya ce, na gida su ce ya yi sanyi. Ƙungiyar Cynic ta jihar Florida ta fitar da Focus a 1993 ta kamfanin Roadrunner. Biyu daga cikin makaɗanta, Paul Masvidal da Sean Reinert, sun riga sun nuna gwanintarsu a faifan Human na ƙungiyar Death a 1991. Amma da suka haɗa kururuwa da tattausar muryar da aka sarrafa ta na'ura, suka sa mai ganga ya riƙa wasa irin na jaz, sai masu sauraro da yawa suka juya musu baya, ƙungiyar ta watse a 1994. Sai a 2008 ta sake fitar da faifai, Traced in Air, ta hannun Season of Mist na birnin Marsai a Faransa, lokacin da sabbin makaɗa suka riga suka mai da Focus abin koyi. Shekara 15 ke nan tsakanin faifai da faifai, kuma babu yabon da zai maido da waƙoƙin da ba a tsara ba a cikinsu.

Abin da ake nema ga mai sharhi a nan ilimi ne da haƙuri. Blackwater Park na ƙungiyar Opeth ta Suwidin, wanda ya fito a 2001, yana da waƙoƙin da suka wuce minti goma, inda kiɗa mai ƙarfi ke lafawa ya bar gita marar lantarki ita kaɗai, sannan ya sake tasowa. Wanda ya saurari minti biyun farko ya ɗauki alƙalami bai ji komai ba tukuna. Leviathan na Mastodon, da kamfanin Relapse ya fitar a 2004, an gina shi ne bisa littafin Moby-Dick na Herman Melville, sai wanda ya san labarin ne zai iya cewa ko kiɗan ya ɗauki nauyinsa. Gojira kuwa, ƴan kudu maso yammacin Faransa, batun lalacewar muhalli suka ɗauko a From Mars to Sirius, wanda ƙaramin kamfanin Listenable ya fitar a 2005. Sai da suka yi wasa a bikin buɗe gasar Olimfik ta Paris a watan Yuli na 2024, suka karɓi Grammy a 2025, sannan mutane da yawa a ƙasarsu suka san da zamansu.

Masu ƙin wannan kiɗa suna da hujja, kuma bai kamata a shure ta ba. A cikin metal akwai waƙoƙin ƙazanta da na izgili ga addini, kuma a farkon shekarun 1990 wasu makaɗa a Norwe sun ƙona majami'u, har da kisan kai a tsakaninsu. Sai dai wannan hujja ce ta a tsananta bincike, domin rarrabe tsaki da tsakuwa shi ne ainihin aikin mai sharhi. Inda ya yi wa kowa kuɗin goro, ɗan sanda da alƙali ne ke gadar aikinsa. A 2003 wata kotu a Kasabalanka ta ƙasar Maroko ta ɗaure matasa 14, makaɗa da masoya, bisa zargin bautar shaiɗan, da baƙaƙen riguna da fayafayai a matsayin shaida, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke yawancinsu bayan jama'a sun yi zanga-zanga. A jihar Arkansas ta Amurka an yanke wa samari uku hukunci a 1994 kan kisan yara uku, kuma suturarsu da kiɗan da suke ji suna cikin abin da aka kafa hujja da shi. Ba a sake su ba sai a 2011.

Daga baya wata cutar ta daban ta bayyana, wato yabon da ba a tauna ba. A 2013 faifan Sunbather na Deafheaven ya zama wanda ya fi samun maki a ƙididdigar Metacritic ta manyan fayafayan shekarar. Faifan yana da kyau, amma abin da ya jawo masa manyan jaridu shi ne ya yi kama da kiɗan da marubutansu suka riga suka saba da shi. Haka nan makaɗan metal na Botsuwana, irin su Wrust da Skinflint: hotunan da Frank Marshall ya ɗauka na masoya cikin rigunan fata sun zagaya duniya fiye da kiɗan kansa. Ko Mdou Moctar na Nijar, wanda kiɗansa ba metal ba ne amma yana da nauyin gita irin nata, bai tsira ba. Da Afrique Victime ya fito a 2021, da Funeral for Justice a 2024, an ci gaba da yi masa laƙabin Hendrix na Sahara, alhali waƙoƙinsa na harshen Tamashek suna magana ne kan mulkin mallaka da halin da Abzinawa ke ciki. Mai irin wannan laƙabi ya huta da wahalar neman fassarar waƙa.

Sharuɗɗan sharhi na gaskiya ba su da yawa. A saurari faifai daga farko har ƙarshe, fiye da sau ɗaya. A nemi kalmomin waƙa a karanta. A san abin da ya gabace shi a fanninsa, a auna shi da abin da mai shi ya nufa, sannan a faɗi inda ya kai da inda ya gaza, da dalili. Malamin da ke koya wa ɗalibai nazarin adabi, da ƙungiyar al'adu da ke zaɓen wanda zai hau dandalinta, duka wannan aiki ɗaya suke yi, ko da ba su taɓa jin sunan Opeth ba. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya yanke wa kiɗa hukunci saboda rigar mai kaɗa shi, haka zai yi wa littafi idan aka ɗora masa alƙalami a hannu.